Wa ke da ikon rubuta maka maganin ƙwaƙwalwa? Tambayar da ta shafi matasan Sharaɗa, Challawa da Bompai



Duk mai leƙa TikTok ko Facebook a 'yan shekarun nan ya san maganar lafiyar ƙwaƙwalwa ta fito fili. Matashi zai iya cewa “damuwa ta yi min yawa” ko “kwana uku ban runtsa ba” ba tare da ya ji kunya ba. Wannan ci gaba ne, babu ja. Amma ka gangara ƙasan irin waɗannan bidiyoyi ka karanta kwament. Wani zai ce “sha kaza, ni ma shi ya yi min.” Wata za ta ce “je ki kemis ki ce a ba ki ƙwaya kaza, guda ɗaya da daddare, za ki gode min.” Kafin ka farga an jera sunayen magunguna biyar, kuma babu ko mutum ɗaya cikin masu jerawar da ya san mai tambayar, balle ya san abin da ke damunsa.

To a nan tambayar take: a dokar ƙasar nan, wane ne yake da ikon rubuta wa mutum maganin da ke taɓa ƙwaƙwalwa? Mutane da yawa suna ɗauka amsa biyu ce kawai, ko dai Dawanau ko kuma mai kemis na bakin layi. Tunda Dawanau da nisa kuma ana tsoron a ce wane ya haukace, sai a zaɓi kemis. Alhali tsakanin biyun akwai matakai da dama, kuma wasunsu sun fi kusa da kai fiye da yadda kake zato.

Me ya kawo unguwannin masana'antu cikin zancen?

Idan kana son ka ga inda wannan tambaya take cizo, ka duba inda matasan Kano suke aikin ƙarfi. Bompai ce tsohuwa, tun zamanin Turawa ta fara tara masana'antu. Daga baya aka buɗe Sharaɗa da sassanta, sai Challawa da ta yi suna da kamfanonin jimar fata. A waɗannan wurare ake yin robobi, silifas, tabarmi, buhuna, alewa, biskit da lemo, ana kuma sarrafa shinkafa. Duk da cewa masana'antu da yawa sun durƙushe saboda matsalar wuta da tsadar kaya, har yau dubban samari da 'yan mata a nan suke samun na abinci.

A kamfanoni da dama aikin awa 12 ne, wannan makon da rana, mako mai zuwa da dare. Da yawan ma'aikatan na wucin gadi ne, ranar da ba ka zo ba babu kuɗinta. Ga ƙarar inji, ga zafi, ga tsayuwa. Wanda ya kwana a bakin inji zai dawo gida da hantsi, lokacin da unguwa ta farka, yara na guje-guje, babu wuta balle fanka. Likitoci sun daɗe da tabbatar da cewa irin wannan jujjuyawar lokacin barci tana hargitsa jiki, kuma rashin barci na dogon lokaci yana buɗe ƙofa ga ciwon damuwa da fargaba. Wani lokacin ma matsin yakan wuce na barci. A watan Yunin 2020, lokacin kullen korona, 'yan sanda sun fito da ma'aikata fiye da 100 daga wani kamfanin sarrafa shinkafa a Challawa, waɗanda suka ce an hana su fita kusan wata uku.

Yanzu ka sa kanka a matsayin saurayi mai irin wannan aiki. Barci ya ƙi zuwa, jiki ya mutu, zuciya na bugawa ba dalili. Abokin aiki ya miƙo maka tiramol ya ce zai ba ka ƙarfi. Da ka tashi daga aiki ido ya bushe, sai wani ya ce D5 ne maganin wannan. Ɗaya ta ɗaga ka, ɗaya ta kwantar da kai. Babu wanda ya fara da niyyar zama ɗan ƙwaya. Magani ya nema, aka ba shi ta hannun da bai dace ba.

Alƙaluma sun nuna girman abin. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wanda aka fitar a watan Janairun 2019, ya gano mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da ƙwaya a Najeriya. Miliyan 4.6 daga ciki magungunan kashe raɗaɗi irin su tiramol suka sha ba bisa umarnin likita ba. A jihar Kano kuwa kashi 16 cikin 100 aka samu, wato mutum fiye da miliyan ɗaya. Ka lura da kyau: babban kaso na abin da ake sha magungunan asibiti ne da suka ɓace hanya.

Su wane ne masu ikon rubutawa?

Na farko, likitan ƙwaƙwalwa. Shi ne ƙwararren fannin. Ya yi shekara shida a makarantar likitanci, ya yi shekarar horon aiki a asibiti, sannan ya ƙara wasu shekaru huɗu zuwa shida yana koyon cututtukan ƙwaƙwalwa kaɗai. Zai iya rubuta kowane irin maganin wannan fanni, kuma wurinsa ake kai matsaloli masu nauyi: wanda yake jin muryoyin da wasu ba sa ji, wanda yanayinsa ke juyawa daga matsanancin ɗoki zuwa matsanancin ƙunci, ko wanda aka gwada masa magani bai yi ba. A Kano za ka same su a sashen ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da ke titin Zariya, da kuma asibitin Dawanau wanda yanzu ya koma hannun gwamnatin tarayya. A maƙwabta akwai na Barnawa a Kaduna da na Kware a Sakkwato.

Na biyu, kuma wannan shi ne wanda mutane suka fi jahilta: kowane likita mai rajista da hukumar likitoci ta MDCN. Likitan da kake zuwa wurinsa don taifot ko hawan jini a Asibitin Murtala, ko na Nasarawa, ko Sir Sanusi, ko wani asibitin kuɗi mai lasisi, doka ta ba shi ikon duba ka ya rubuta maka maganin ciwon damuwa ko fargaba. A makarantar likitanci an koya masa wannan fanni. Idan ya ga abin ya fi ƙarfinsa, zai ba ka takarda zuwa ga ƙwararre. Ma'ana ba sai ka tafi Dawanau ba kafin a fara taimaka maka, kuma babu wanda zai gan ka a layin ganin likita ya san abin da ya kawo ka.

Na uku, ma'aikatan jinya da suka yi ƙarin karatu a fannin ƙwaƙwalwa. Su ne ƙashin bayan aikin, su suka fi kowa daɗewa tare da majinyaci. Suna yin allura, suna lura da yadda magani ke karɓar mutum, suna bibiyar wanda aka sallama. Amma aikinsu yana tafiya ne ƙarƙashin tsarin asibiti da kulawar likita. Nas ɗin unguwarku da take muku allurar maleriya a gida ba ta da ikon zaɓar maka maganin ƙwaƙwalwa don raɗin kanta, komai kirkinta.

Na huɗu, jami'an lafiya na asibitocin sha-ka-tafi. Waɗannan suna aiki da wani kundin ƙa'idoji da gwamnati ta amince da shi, wanda ya ƙayyade cutar da za su iya dubawa, maganin da za su iya bayarwa, da lokacin da dole su tura mutum gaba. Tun 1991 Najeriya ta sanya lafiyar ƙwaƙwalwa cikin ayyukan kiwon lafiya na matakin farko. A 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da shirin mhGAP don horar da irin waɗannan ma'aikata su gane ciwon damuwa, farfaɗiya da alamun taɓin hankali, su kuma fara magani da 'yan magunguna ƙayyadaddu. Farfesa Oye Gureje na Jami'ar Ibadan da abokan aikinsa sun gwada tsarin a jihar Osun. Sai dai ikon nasu yana rataye da sharaɗi biyu, horo da kuma kulawar likita daga sama.

Sai kuma waɗanda suke cikin aikin amma ba sa rubuta magani.

Famasis, wato ƙwararren da ya karanci haɗa magunguna a jami'a, ya fi kowa sanin yadda magani ke aiki da yadda wani ke karo da wani. Shi ne mai ba ka maganin da likita ya rubuta, ya yi maka bayanin yadda za ka sha, kuma yana iya kiran likitan idan ya ga kuskure. Amma irin waɗannan magunguna ba ya fara ɗora mutum a kansu ba tare da takardar likita ba. Idan ya ce maka “sai da takarda”, aikinsa yake yi, ba wulaƙanci ba ne.

Masanin halayyar ɗan Adam da ke aiki a asibiti, shi da magana yake warkarwa. Yana zama da kai a kan tsari, mako bayan mako, ya koya maka yadda za ka kama tunanin da ke jan ka ƙasa da yadda za ka gyara barcinka. A Najeriya ba ya rubuta magani. Kada ka raina aikinsa, domin damuwar da ba ta yi tsanani ba sau da yawa wannan hanya ta ishe ta, ba sai an sha ko ƙwaya ɗaya ba.

Mai kemis kuwa, lasisin da hukumar PCN ta ba shi na sayar da magungunan yau da kullum ne, irin su farasitamol, gishirin gudawa da maganin zazzaɓin cizon sauro. Doka ba ta ba shi damar ajiye maganin ƙwaƙwalwa a shagonsa ba ma, balle ya zaɓar maka. Farar riga da kiran sa “dakta” da 'yan unguwa suke yi ba su canza wannan ba.

Malamin da kake zuwa wurinsa don addu'a ko ruƙiyya yana da matsayinsa a zuciyar Bahaushe, kuma addu'a ba ta hana shan magani. Iyakar dai a bayyane take: ba shi zai ɗora ka a kan maganin asibiti ba, kuma ba shi zai ce ka ajiye wanda likita ya rubuta ba.

Me ya sa doka ta tsaurara haka?

Wani zai ce ai duk neman kuɗi ne, likitoci ne ke kare cinikinsu. Bari mu duba magungunan da kansu.

Da farko, alama ɗaya tana iya fitowa daga cututtuka daban-daban. Bugun zuciya, rama da rashin barci suna iya zama fargaba, suna iya zama matsalar maƙoƙo da ke sa jiki gudu fiye da ƙima. Kasala da mutuwar jiki suna iya zama ciwon damuwa, suna iya zama ƙarancin jini. Likita zai yi tambayoyi, ya auna, wani lokacin ya sa a yi gwajin jini. Mai kwament a TikTok ba shi da ko ɗaya daga ciki.

D5, wato diazepam, yana sa barci da gaske, shi ya sa yake yaudara. Amma cikin 'yan makonni jiki kan saba da shi, guda ɗaya ta daina yi, a koma biyu, a koma huɗu. Wanda ya daɗe a kai kuma ya daina farat ɗaya yana iya faɗuwa yana jijjiga kamar mai farfaɗiya. Shi ya sa likita ke rubuta shi na ɗan gajeren lokaci, ya kuma rage shi sannu a hankali. Haka abin yake ga rochi.

Maganin ciwon damuwa irin su amitriptyline da fluoxetine ba sa aiki nan take. Sukan ɗauki mako biyu zuwa huɗu, wani lokacin fiye, kafin mutum ya ji sauƙi. Wanda ba a yi wa bayani ba zai sha kwana uku ya ce ba ya aiki, ko dai ya watsar ko ya ninka. Ninka amitriptyline kuwa yana iya taɓa bugun zuciya har ya kai ga rasa rai. Yana kuma sa gyangyaɗi, ka ga ke nan dole likita ya san cewa kai a bakin injin yanka ko na narka roba kake tsayawa. Idan kuma mutum yana shan tiramol a ɓoye aka haɗa masa da irin waɗannan magunguna, haɗarin jijjiga da rikicewar jiki yana ƙaruwa sosai. Sannan akwai mai ciwon jujjuyawar yanayi, wanda idan aka ba shi maganin damuwa shi kaɗai sai ya tunzura ya koma ɗaya ɓangaren, ya daina barci, ya yi ta surutu da ɓarnar kuɗi.

Haloperidol da chlorpromazine, da ake ba masu taɓin hankali, suna iya sa wuya ya sandare, ido ya juye sama, harshe ya yi nauyi. Iyalan da ba su san wannan ba sukan ɗauka aljanu ne suka tashi. Alhali illar magani ce, kuma akwai maganin da ke warware ta. Ka san sunansa? Exol. Wannan Exol ɗin da ake kamawa kwali-kwali a hannun dillalai, asalinsa maganin asibiti ne na rage irin wannan illa da kuma ciwon karkarwar jiki. A hannun likita rahama ne. A hannun dila kuwa yana kawo ruɗewa da gane-gane.

Wannan shi ne dalilin takardar likita. Wanda ya sa hannu a kanta ya ɗauki alhakinka. Yana da suna, yana da lambar rajista, akwai hukumar da za ka kai ƙararsa. Wanda ya ƙunsa maka ƙwaya a leda, idan abu ya ɓaci cewa zai yi bai taɓa ganin ka ba.

Inda doka da rayuwa suka raba hanya

A takarda an samu ci gaba. A watan Janairun 2023 tsohon shugaban ƙasa Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958 da ta samo asali tun zamanin mulkin mallaka. Sabuwar ta ɗauki majinyaci a matsayin mai haƙƙi, wanda ba za a wulaƙanta shi ko a nuna masa wariya ba. An kuma matsa wa kasuwar bayan fage. A watan Mayun 2018 gwamnati ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin, kwana ɗaya bayan BBC ta fitar da bincikenta da ya nuna halin da matasan Kano suke ciki. A watan Fabrairun 2024, bayan hukuncin Babbar Kotun Tarayya, hukumomin NAFDAC da PCN sun rufe shagunan magani fiye da 1,300 a Sabon Gari da kewaye, aka ce 'yan sari su koma sabuwar kasuwar magani ta Ɗangwauro inda za a iya sa ido.

Duk wannan rufe ƙofar ɓarna ne. Ina ƙofar halas? Ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Najeriya ta sha nanata cewa mambobinta da ke aiki a cikin ƙasar ba su kai 300 ba, ga al'umma fiye da miliyan 200. Likita ɗaya ke nan ga mutum sama da 600,000, kuma kullum wasu na ficewa zuwa Ingila, Kanada da Saudiyya.

Ka lissafa wa ma'aikacin Challawa. Dawanau tana can ɗaya gefen gari a hanyar Katsina, sai ya hau adaidaita sahu biyu ko uku. Ganin likita da safe ne, a ranakun aiki. Zai rasa kuɗin yini, ya biya na mota, na kati, na magani. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan naira 70,000 ne tun 2024, kuma ɗan wucin gadi ba lallai ya kai nan ba. Mai kemis kuwa yana bakin layi, a buɗe yake har tsakar dare, yana sayar da ƙwaya ɗaiɗai, yana ba da bashi, ba ya tambaya. Duk wanda ya ga laifin saurayin nan shi kaɗai bai yi adalci ba. Kuma muddin buƙatar tana nan, idan aka toshe wannan sai wancan ya ɓullo. Binciken BBC na watan Fabrairun 2025 ya nuna yadda wasu sababbin ƙwayoyi irin su Tafrodol, da ake haɗawa a Indiya, suka cika gurbin tiramol a Afirka ta Yamma. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Wasu ƙasashe sun magance ƙarancin likitoci ta hanyar faɗaɗa ikon rubuta magani. A Ingila tun 2006 nas da famasis da suka yi horo na musamman suna rubutawa da kansu. A Amurka jihar New Mexico ta fara ba masana halayyar ɗan Adam wannan dama a 2002, Louisiana ta bi a 2004, wasu 'yan jihohi suka biyo baya, dukkansu bayan ƙarin karatun magunguna. A nan gida akwai manufar raba ayyukan lafiya ta 2014 da ta amince a sauke wasu ayyuka zuwa ƙananan ma'aikata, sai dai tsohuwar takaddama tsakanin ƙungiyar likitoci ta NMA da haɗakar sauran ma'aikatan lafiya ta JOHESU takan sa duk maganar “wa zai yi me” ta koma rigimar matsayi. Fargabar likitoci tana da tushe, domin a ƙasar da sa ido ke da rauni, ƙara yawan masu rubutawa zai iya ƙara yawan ɓarna. Amma a ganina zaman da ake yi yanzu ya fi haɗari. A yau ma akwai dubban masu “rubuta” magani a Kano, babu horo, babu rajista. Gara a horar da na halas a sa musu ido.

Kuma wannan tunani ba baƙo ba ne a Najeriya. A 1954 Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya fara wani tsari a Aro kusa da Abeokuta, inda majinyata suke zama a gidajen ƙauye tare da danginsu, suna zuwa karɓar magani da rana. Ya kai kulawa inda mutane suke rayuwa, duniya ta yaba. Shekara saba'in bayan nan, muna iya kai ta inda mutane suke aiki.

Abin da ya kamata mu nema

Gwamnatin Kano ta horar da ma'aikatan asibitocin sha-ka-tafi da ke kewaye da Sharaɗa, Challawa da Bompai a kan tsarin mhGAP, ta haɗa su da ƙwararrun Dawanau da na Asibitin Malam ko da ta waya ne, a kuma samar da ganin likita na yamma ko na ƙarshen mako saboda masu aikin dare. Masu masana'antu, ta hannun ƙungiyarsu ta MAN, za su iya haɗa kuɗi su ɗauki likita mai zagayawa, tunda ma'aikacin da ke gyangyaɗi a bakin inji asara ce gare su ma. Ƙungiyoyin ƙwadago su tuna cewa Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010 ta ambaci matsin ƙwaƙwalwa da aiki ya jawo cikin abubuwan da ake iya neman diyya a kansu, kuma dokar inshorar lafiya ta 2022 ta wajabta inshora ga kowa. A Kano akwai hukumar KSCHMA da ke gudanar da tsarin taimakekeniyar lafiya. Waɗannan su ne abubuwan da ya kamata mu yi ta yaɗawa muna tambayar 'yan majalisarmu, maimakon yaɗa sunayen ƙwayoyi.

Kai kuma fa?

Idan rashin barci, ƙunci ko fargaba sun wuce mako biyu suna hana ka aiki ko cin abinci, ka yanki kati a asibiti mafi kusa ka ga likita. Ka faɗa masa gaskiya: irin aikin da kake yi, ko kana aikin dare, da duk abin da kake sha, har tiramol ko D5 ɗin da aboki ya ba ka. Likita ba jami'in NDLEA ba ne, kuma aikinsa ya wajabta masa rufa maka asiri. 'Yar'uwa, idan kina da ciki, kina shayarwa ko kina shirin ɗauka, ki faɗa tun kafin a rubuta.

Kafin ka bar ɗakin, ka tambayi sunan maganin, yaushe zai fara aiki, wace illa za ka iya gani, tsawon wane lokaci za ka sha, da ranar dawowa. Matambayi ba ya ɓata. Kada ka daina da kanka don ka ji sauƙi, kada kuma ka ba wani naka don alamunku sun yi kama. Idan ka riga ka daɗe kana shan D5 ko rochi, kada ka yanke lokaci ɗaya, ka je a rage maka a kan tsari. Idan kuwa kai ko wani na kusa da kai ya fara maganar rabuwa da duniya, ko ya daina gane mutane, wannan na gaggawa ne, a tafi sashen ba da agajin gaggawa a ranar, kada a bar shi shi kaɗai.

Gobe idan ka ga wani ya rubuta cewa damuwa ta ishe shi, ka riƙe sunan ƙwayar da ka sani a bakinka. Ka tambaye shi unguwarsu, ka faɗa masa asibitin da ya fi kusa, idan da hali ka raka shi.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya tsare masu neman halas. Sai mun haɗu a mako mai zuwa.